Kafin ka zura da gudu: shaidar wanda ya daɗe a bakin fili

Shekararsa 44 ranar da abin ya same shi. A makaranta shi ne gwanin mita 200, irin yaron nan da in ya karyo kwana sai fili ya kaure da ihu. Bayan nan aikin ofis ya zaunar da shi a kujera sama da shekara 20, tumbi ya fito, nauyi ya ƙaru da kilo 18, har ranar da likita ya auna shi ya ce jininsa ya fara hawa, ya nemi hanyar motsa jiki. Sai ya koma ga abin da ya sani. Sunansa ba zai ƙara wa mai karatu komai ba, don haka na bar shi. Labarin ƙafarsa ta hagu nake son bayarwa, saboda na ga irinsa a jikin mutane da yawa, maza da mata.

Ya fito daga mota da sassafe, gari da sanyi, bai fi minti 40 da tashi daga barci ba. Ya ɗaure igiyar takalmi, ya dafa bango ya tura ƙafa ɗaya baya yana jan sharaɓa, ya ƙirga goma, ya sauya ƙafa, ya sunkuya ya taɓo yatsunsa sau biyu. A lissafinsa ya gama shiri. Sati uku ke nan da dawowarsa, kullum sassarfa yake yi a hankali, kuma lafiya lau yake tashi. Ran nan wasu samari suka wuce shi a guje, tsohon jini ya motsa, ya rufa musu baya. Bai ci mita 150 ba ya tsaya cak, ya waiwaya a fusace yana neman wanda ya jefe shi da dutse. Babu kowa a bayansa.

Duk wanda ya daɗe da masu gudu ya san wannan waiwayen. Haka tsokar sharaɓa take yagewa, haka ma agara take tsinkewa: mutum ya rantse wani ne ya buge shi ta baya, wani lokacin har da ƙara, ɗas. Abin da ake fara yi shi ne a kwantar da shi rub da ciki a kan benci, sawayensa suna reto, a matse sharaɓar da hannu. Idan tafin ƙafar ya motsa, agara tana nan a haɗe. Idan bai motsa ba, sai asibiti a ranar, ba a jiran gobe. Nasa ya motsa. Tsoka ce ta yage, ɓangaren ciki na babbar tsokar sharaɓa, wurin da ya fi yagewa a jikin waɗanda suka haura 40. Bayan kwana uku jinin da ya zuba a ciki ya gangaro har idon sawu, wurin ya yi baƙi kamar an daka shi.

“Koci, wallahi sai da na miƙe jijiyoyina,” shi ne abin da ya fara faɗa yana cije leɓe.

“Na gan ka, Yallaɓai. Miƙa ka yi, amma jikin bai ɗumama ba.”

Mutane da yawa sun ɗauka abu biyun nan ɗaya ne. Ɗumama jiki, kamar yadda sunan ya nuna, zafi ake nema. Zafin cikin jikin mutum yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, amma tsokar ƙafar wanda yake zaune ba ta kai haka ba, tana wajen 35, in gari da sanyi ma ta gaza hakan. Sassarfar minti 10 zuwa 15 tana ɗaga ta da digiri 2 zuwa 3. Ɗan bambancin nan yana sauya abubuwa da yawa a lokaci guda. Tsoka mai ɗumi ta fi saurin tsukewa da sakewa, saƙon da ƙwaƙwalwa take aika mata ya fi saurin isa, ruwan da ke cikin gaɓoɓi yana tsinkewa ya rage kauri, jini kuma ya fi sakin iskar oksijin ga naman da ke neman ta. Ka ɗauki robar da ta kwana cikin sanyi ka fizge ta, ka ɗauki wadda ta sha hantsi ita ma ka fizge ta, ba sai an yi maka bayani ba. A 1988 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun gwada wannan da tsokar zomaye. Wadda aka fara sa ta aiki kafin a ja ta, ta fi jure ƙarfi, kuma ta fi miƙewa da nisa kafin ta yage.

Sai maganar jini. Wanda yake hutawa zuciyarsa tana harba wajen lita 5 a minti, kuma kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne kawai yake zuwa tsokoki. Idan gudu ya yi gudu adadin yakan kai lita 20 ko fiye, wajen kashi 80 yana tafiya tsokoki. Wannan juyin ba ya faruwa da taki ɗaya. Sai hanyoyin jini sun buɗe, sai numfashi ya daidaita, kuma hakan yana cin minti 2 zuwa 3 ko a jikin wanda ya saba. Shi ya sa sabon mai gudu yake saurin yanke hukunci cewa gudu ba nasa ba ne. Ya tashi da ƙarfi, minti 3 bai cika ba haki ya turnuƙe shi, ya ɗauka iyakar ƙarfinsa ke nan, alhali bashin iska ya ci tun a takin farko. Ita kanta zuciyar ba ta son ba-zata. A 1973, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, an ɗora maza 44 masu ƙoshin lafiya a kan injin gudu, aka sa su gudu mai tsanani na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da wani shiri ba. A wajen kusan kashi 70 cikin 100 nasu, na'urar auna bugun zuciya ta nuna alama irin ta zuciyar da jini bai ishe ta ba. Da aka maimaita bayan sassarfar minti 2 kacal, alamar ta ɓace ko ta ragu a wajen mafi yawan waɗanda aka sake gwadawa. Mai hawan jini irin mutumin nan, wannan kaɗai ya ishe shi dalili.

Kuma a tuna da nauyin da ake ɗora wa ƙafar. Kowane taki na gudu yana sauke mata ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki. Mutum mai kilo 90, duk saukowa ɗaya wajen kilo 200 ne ko fiye a kan ƙafa guda, sau 160 zuwa 170 a minti. Sharaɓar da ta shekara 20 a ƙarƙashin tebur ita aka ce ta ɗauki wannan a sanyaye, da gudun ɗan shekara 20.

Ita kuwa miƙar tsaye, wato ka ja tsoka ka riƙe kana ƙirga, ba ta ɗaga zafin tsoka, ba ta ƙara bugun zuciya, ba ta nuna wa ƙafa saurin da za a nema a wajenta. An daɗe ana koyar da ita a makarantu da barikoki a matsayin rigakafin rauni, har aka zo aka gwada. A Ostireliya an raba sababbin sojoji 1,538 gida biyu na tsawon sati 12 na horo. Dukansu suna ɗumama jiki, amma kashi ɗaya ana ƙara musu miƙar daƙiƙa 20 ga kowace babbar tsokar ƙafa. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna raunin ƙafa 158 a wajen masu miƙa, 175 a wajen marasa yi, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi nuna wanda zai ji rauni shi ne ƙarfin jikin da ya zo da shi da kuma shekarunsa. Ba ina nufin a jefar da miƙa ba. Wanda yake jin daɗinta ya yi ta bayan gudu, ko ya yi gajera ta daƙiƙa 15 zuwa 20 bayan jiki ya riga ya yi ɗumi. Wadda ta wuce daƙiƙa 60 a kan tsoka ɗaya tana rage mata ƙarfin zabura na ɗan lokaci, don haka ba ta da wuri gab da gudu mai sauri. Sunkuyawar nan ta taɓo yatsu da sassafe ma da sauran magana: faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa da dare su kumbura, har mutum yakan fi tsayi da santimita ɗaya ko fiye da safe, kuma a sa'ar farko bayan tashi lanƙwasa baya sosai ya fi takura su.

Bayan ƙafarsa ta warke, ga abin da aka ɗora shi a kai, kuma shi ake ɗora kowa a kai da ɗan gyara.

Ana farawa da tafiya mai sauri ta minti 3 zuwa 5, hannuwa suna kaɗawa. Daga nan sassarfa ta minti 5 zuwa 10, irin wadda za ka iya yi kana hira da na kusa da kai ba tare da ka katse zance don jan numfashi ba. Idan kana jin kunyar yadda kake tafiya a hankali, to ka kama daidai. Mai agogon da ke nuna bugun zuciya ya cire shekarunsa daga 220, ya tsaya a kashi 60 zuwa 70 na abin da ya rage. Ga ɗan shekara 44 wannan yana nufin wajen 105 zuwa 125 a minti. Lissafin kintace ne, yakan kauce wa wasu da bugu 10 ko fiye, saboda haka alamar jiki ta fi shi: ɗan gumi a goshi da bayan wuya, numfashi ya zurfafa amma bai zama haki ba, ƙafa ta daina jin kamar ta aro.

Sai motsa gaɓoɓi, kuma ana binsu daga ƙasa zuwa sama don kada a manta da wata. A juya idon sawu sau 10 ta kowane gefe. A ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu a sauko a hankali sau 15, sannan a ɗan lanƙwasa gwiwa a sake yin 10. Na biyun nan mutane suna tsallake shi, alhali shi ne yake tayar da tsokar da ke kwance ƙarƙashin sharaɓa, wadda ta fi kowace tsoka ɗaukar kayan gudu mai nisa. A dafa bango a yi lilo da ƙafa gaba da baya sau 10 zuwa 12, a fara da ƙaramin lilo ana ƙara faɗinsa, ƙugu a tsaye, baya bai lanƙwashe ba. Wanda ya wurga ƙafa sama da ƙarfi tun lilon farko ya yi abin da ake gudu. A juya a fuskanci bangon a yi lilon gefe da gefe, shi ma 10 zuwa 12. Sai dogon taki da durƙuso: ka jefa ƙafa gaba, ka sauke gwiwar baya har ta kusa taɓa ƙasa, ka tashi ka jefa ɗayar, taki 8 zuwa 10 kowace ƙafa. A nan ka dubi gwiwar gaba. Idan tana faɗawa ciki wajen 'yar'uwarta, tsokokin gefen kwatangwalo ba su da ƙarfi, kuma da haka za ta riƙa faɗawa a kowane taki na gudun. Tsuguno sau 10, dunduniya a ƙasa. Daga nan a auna wajen mita 20, a je ana ɗaga gwiwa zuwa ƙugu, a dawo ana dukan mazaunai da dunduniya, a je da gudun gefe, a dawo da ɗayan gefen. Duka wannan bai fi minti 5 ba ga wanda ya haddace.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda da mutumin nan ya yi shi ran nan, mai yiwuwa da ya tsira. Gudun buɗe ƙafa ne, sau 4 zuwa 6, kowanne mita 60 zuwa 80. Ka tashi da sassarfa, kana ƙara sauri a hankali har tsakiya, ka riƙe na 'yan taki, ka sassauta ba tare da taka birki ba, ka dawo da tafiya wajen minti ɗaya. Na farko kada ya wuce kashi 60 na saurinka, na biyu 70, na ƙarshe 85 zuwa 90. Ba a kai wa ƙarshen ƙarfi. Amfaninsa ya fi fitowa a tsokar bayan cinya, domin ita ba lokacin tunkuɗa ƙasa ta fi yagewa ba. Lokacin da ƙafa ta wurgu gaba, gab da ta taka ƙasa, tsokar tana miƙewa kuma a daidai lokacin tana taka wa ƙafar birki, to nan take yagewa. Iyakar saurinka iyakar ƙarfin wannan birkin, kuma sassarfa ko ta awa ɗaya ce ba ta gwada mata shi.

Ba kowace rana ake bukatar duka ba. Ranar gudu mai sauƙi, tafiyar minti 3 da kilomita ta farko a hankali, ka ƙara daƙiƙa 45 zuwa 60 a kan lokacin da ka saba, sun wadatar. Manyan 'yan gudun Kenya an san su da wannan: suna fara atisayen safe da sassarfar da ɗan koyo zai iya binsu, sai tafiya ta yi nisa suke ɓacewa. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon gajartar gudu da saurinsa, gwargwadon tsawon shirinsa. Mai tseren mita 100 ko 400 yakan ci minti 40 ko fiye yana shirya wa gudun da bai kai minti ɗaya ba. Mai kilomita 5 yana bukatar minti 15 zuwa 20, da gudun buɗe ƙafa a ciki. Mai gudun fanfalaki na kilomita 42.195, in ba neman lashe gasa yake ba, minti 5 zuwa 10 sun ishe shi, don makamashin da ke ajiye a tsoka ƙidayayye ne, kuma kilomitocin farko su ne ɗumamawarsa. Cikin sanyi a ƙara minti 5 zuwa 10 a bar dogon wando da riga a jiki har lokacin tashi. Cikin zafi a rage, a yi a inuwa, don tsoka ake son ta yi ɗumi ba tare da an dafa jikin gaba ɗaya ba. Wanda ya haura 40, ko ya tashi daga barci yanzu, ko ya wuni a zaune, ya ƙara minti 5 a kan duk abin da aka faɗa.

Akwai kuskuren da har ƙwararru yake kamawa: a ɗumama da kyau, sannan a tsaya. Zafin tsoka yana fara sauka da an daina motsi, kuma bayan minti 15 zuwa 20 na zama an yi asarar kaso mai yawa. Ranar 12 ga Agusta 2017 a Landan, a tseren miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, Usain Bolt ya karɓi sandar a gudunsa na ƙarshe a gasar duniya, bai yi nisa ba ya fara tsalle da ƙafa ɗaya ya faɗi. Tsokar bayan cinyarsa ta hagu ce ta yage. Abokan gudunsa na Jamaika, ciki har da Yohan Blake, sun koka cewa an tsare su a ɗakin jira na dogon lokaci cikin sanyi kafin a fito da su. Ko wannan ne sanadi ko da wani abu daban, kokensu ya dace da abin da aka sani game da tsoka. A ƙananan gasanni ma haka ake fama: an gama shiri, sai a tsaya jiran jawabi ko jiran a jera mutane. Maganinsa a rufe ƙafafu, a ci gaba da 'yan tsalle-tsalle da tafiya a wurin, in an samu sarari a sake buɗe ƙafa sau biyu. Tsakanin gama shiri da tashi, minti 5 zuwa 10 shi ne daidai.

Man zafi kuwa fata kawai yake yaudara. Yana sa ka ji raɗaɗin ɗumi a sama, tsokar da ke can ciki tana nan yadda take. Maganin kashe ciwo kafin gudu ya fi shi illa, domin yana toshe bakin mai ba ka labari.

Wannan labarin shi ne rabin amfanin ɗumama jiki da ba a cika faɗa ba. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma a mintunan nan 15 yake magana, kafin gudu ya yi zafi ya danne muryarsa. Sai dai ciwo iri-iri ne, kowanne da abin da yake nufi. Tsamin jiki na gaba ɗaya, wanda yake zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki mai wuya, ƙafa biyu daidai, yana sakewa cikin minti 10 na sassarfa. Wannan ba ya hana gudu mai sauƙi. Ciwon agara da na ƙarƙashin dunduniya su ne mayaudara. Takin farko daga gado kamar ka taka ƙusa, ka fara sassarfa su lafa, ka yi gudunka kana murna, da yamma ko washegari su dawo fiye da jiya. Lafawar nan ba warkewa ba ce, ɗumi ne ya rufe su. Ana auna su da safiyar gobe: idan taurin ya fi na yau, aikin da aka yi ya yi yawa, a rage nisa, a bar hawa tudu da gudu mai sauri har ya daidaita.

Ciwon ƙashi akasin haka yake. Ba ya lafawa da ɗumi, ƙaruwa yake da kowace kilomita. Idan za ka iya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙwauri ko ƙashin saman ƙafa ka ce nan ne, kuma tsalle da ƙafar ɗaya yana sa ka runtse ido, ka tsaya ka nemi likita, don tsagewar ƙashi ta yawan aiki haka take farawa. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ta a sati biyu zuwa uku na farko, saboda haka kada hoto mai kyau ya mayar da kai fili alhali ciwon yana nan. Ciwon gefen gwiwa na waje yana da tasa ɗabi'ar: a lokacin shiri shiru, sai an kai wani nisa, kusan wuri ɗaya kullum, ya taso. Shi kuwa ɗan fizga a wuri guda a bayan cinya ko sharaɓa lokacin buɗe ƙafa, ƙafa ɗaya ban da ɗayar, ma'anarsa yau babu gudu mai sauri, ko da gasa ce aka yi wata uku ana shirya mata. Duk ciwon da ya sa ka ɗingishi ko ya sauya maka taki ya gama maganar gudun ranar. Nauyi ko matsewa a ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice, ko hakin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, waɗannan ba na koci ba ne, na asibiti ne nan take.

Mutum biyu suna bukatar ƙarin magana. Mai asma da gudu yake tayar masa, ɗumamawar da aka saka wa gajerun gudu na daƙiƙa 30 da hutu a tsakani takan sa hanyoyin numfashi su yi sauƙi har zuwa awa biyu a wajen mutane da yawa, amma ba ta maye gurbin abin shaƙar da likita ya ba shi. Wanda kuma yake shan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin ko danginsa, ko bai daɗe da gamawa ba, ya sani maganin yana raunana jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi, musamman agara. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi game da hakan a jikinsa. Babu shirin da zai kare agara daga wannan, sai dai a sassauta gudu a yi magana da likita.

Da mutumin namu ya dawo fili, sai ya koma ɗaya gefen. Ya ɗauki ɗumama jiki tamkar laya. Cikin wata biyu ya tashi daga kilomita 4 zuwa 12 a fita ɗaya, yana cewa ai yanzu yana shiri yadda ya kamata. Ƙwaurinsa na dama ya fara magana. Nan ma sai da aka zaunar da shi. Yawancin raunukan masu gudun nisa ba yagewar farat ɗaya ba ce, taruwa suke yi a hankali saboda an ɗora wa ƙashi da jijiya aikin da ba su kai ba. Zuciya da huhu suna ƙarfafa cikin 'yan makonni, ƙashi da agara kuwa sai watanni, saboda haka mutum yana jin yana da sauran numfashi alhali ƙafarsa ta daɗe da cika. A 1993 an buga wani gwaji da aka yi a Amstadam da maza masu gudu sama da 400. An koya wa rabinsu ɗumama jiki da miƙa da sanyaya jiki na sati 16, raunin bai ragu ba. Inda aka ga raguwa sosai shi ne inda shirin ya ƙunshi ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa. Tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, da aka gwada a kan 'yan mata masu ƙwallon ƙafa 1,892 a Norwe aka buga a 2008, ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu tsanani kuma da kusan rabi. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje 25 na mutum 26,610 ya samu cewa atisayen ƙarfi ya mayar da raunukan wasanni ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, miƙa kuwa ba ta rage komai ba.

Saboda haka aka ƙara masa aiki sau biyu a sati, bayan gudu ko a ranar hutu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ya tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, ya ɗaga dunduniya, ya sauke ta ƙasa da matakalar yana ƙirga uku, sau 12 zuwa 15, zagaye uku, gwiwa a miƙe sannan a lanƙwashe. Ya durƙusa wani ya danne masa idon sawu, ya riƙa faɗowa gaba a hankali yana riƙe kansa da bayan cinya har hannuwa su tare ƙasa, sau 5 a farko. Wannan atisayen an nuna yana rage yagewar bayan cinya da kusan rabi, sai dai yana barin tsami mai tsanani a satin farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Gudunsa mafi tsawo kuma aka hana shi ya zarce mafi tsawon da ya yi a watan da ya wuce da fiye da kashi 10. Gudu mai sauri ba a bar shi ya koma ba sai da ya iya ɗaga dunduniya da ƙafar hagu kaɗai sau 25, daidai da ta dama, ya yi tsalle 20 a kanta ba tare da ya ji komai ba.

Yanzu yana da shekara 47. Wata safiya a bara ya yi tafiyarsa, ya yi sassarfa, ya yi lilon ƙafa a jikin bangon nan da ya taɓa dafawa. A buɗe ƙafa na uku ya rage gudu, ya tsaya, ya sunkuya ya danna tsakiyar sharaɓar hagu da babban yatsa. Samarin da suka zo tare suna ta kiransa, an riga an jera.

“Baba, kai muke jira!”

“Ku je, yau ban da ni.”

Ya mayar da dogon wandonsa, ya zagaya filin sau biyu da tafiya, ya shiga mota. Kwana huɗu bai zo ba. A na biyar ya buɗe ƙafa sau shida bai ji komai ba, ya yi kilomita 8.